Wutar ABS da VSC sun kama mani a Highlander, bakanike ya ce a canza famfo, mi kuka gani?

Dan_Mabera
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mani da shawara. Ina da Highlander 2006, shekara ukku ke nan tana hannuna ba ta taɓa tada mani hankali ba sai wanga sati. Ranar Lahadi munka dawo biki daga Tambuwal, muna wuce Bodinga kaɗan sai wuta ukku sunka kama lokaci guda a dashbod, ABS (mai hana taya kullewa in an taka birki) da VSC (mai hana mota zamewa a kwana) da wata mai rubutun TRAC OFF (TRAC ita ka hana taya juyawa wuri guda). Birki dai shina kamawa. Amma akwai abin da na lura da shi tun kwana biyu kahin wutar ta kama, in na zo tsayawa a hankali kamar cikin gosulon bakin kasuwa, dab da mota za ta tsaya sai in ji birkin na karkarwa ƙarƙashin ƙahwata, gurrr, kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta ɗan ƙara gaba kaɗan kana ta tsaya. Na kai ta gareji, bakanike ko bonet bai ida buɗewa ba yac ce famfon ABS na, a sawo na Beljiyam, kuɗɗin da yak kira wallahi sun sayi ragon layya har da canji. Wani yaro gefe kuma yac ce in bari shi cire ƙwan wutar in huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba don iyali nika ɗauka cikinta.

SabonDireba22
Wslm. Oga cire kan batir na minti goma ka mayar, wutar za ta ɗauke. Haka na yi wa tawa.

Rewaya_Arkilla
@SabonDireba22 ƙanena cire batir ba gyara ba ne, kamar ka sha maganin ciwon kai ne alhali maleriya ke cinka. Ko ta ɗauke, da mota ta fara tafiya kwamfutar ta sake jin matsalar wuta za ta dawo.
Alhaji Dan_Mabera kada ka sayi famfo tukuna, kada kuma ka bari a taɓa ƙwan nan. Amsa mani tambaya huɗu. Jar wutar birki, mai alamar motsin rai cikin da'ira ko mai rubutun BRAKE, tana kunne ko a'a? Wutar cek injin fa? Tayoyinka huɗu girmansu ɗaya? Sannan wane aiki aka yi wa motar kwanan nan, ko ƙarami ne, ko da faci ne ka faɗa mani.

Dan_Mabera
Oga Rewaya na gode. Jar wuta ba ta kama ba. Cek injin ma babu. Taya dut girmansu guda, bara na saye su tare. Aiki kuwa, sati biyu da sunka wuce an canza mani shaf na gaba gehen direba don shina ƙara kaf kaf kaf in na karya kwana. Shi ke nan.

Rewaya_Arkilla
To ai ka ga zaren. Gefen da aka taɓa shi ake fara tuhuma. A wannan motar, jikin kan shaf ɗin waje akwai zoben ƙarfe mai haƙora kamar na keken ɗinki, sansa na zaune dab da shi tana ƙirga haƙoran suna wucewa, da haka kwamfutar birki ke sanin gudun kowace taya. In zoben ya tsage, ko haƙori ya lotse garin bugun guduma, ko sabon shaf ya zo da zobe mai adadin haƙora daban, ko ma ya zo babu zoben gaba ɗaya, to lissafi ya ɓaci. Karkarwar nan da kake ji dab da tsayawa ita ce babbar shaida. Sansar irin wannan mota wutarta da kanta take haifarwa, gudun taya ke ba ta ƙarfi, in gudu ya ragu siginar ta yi rauni, to in akwai tazara ko tsagewa sai siginar ta yanke, kwamfuta ta ɗauka tayar ta kulle sai ta saki birkin tayar ta kama ta saki ta kama. Wato famfon da ake cewa ya mutu shi ne ma ka ji yana aiki da ƙafarka. Mataccen famfo ba ya gurnani.

Baba_Direban_Illela
Ku yaran zamani kun cika wahal da kanku. Shekara nawa munka yi muna jan Fijo 504 ta Kaduna daga Sakkwato zuwa Illela, zuwa Kwanni, babu ABS babu kwamfuta, ƙahwarka ita ta ABS ɗinka, ka taka ka saki ka taka. Ɗana cire fis ɗin abin ka jefar, birkinka shi koma na gargajiya. Ni wagga ABS ban yarda da ita ba cikin rairayi, na taɓa jan motar wani Alhaji hanyar ƙauye wajen Gada, na taka birki mota tana ta tahiya tana kakkaɓa mani ƙahwa, saura ƙiris in shiga garken awaki.

Malamin_Kimiyya
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka ta rairayi gaskiya ce kuma masu ƙera motar ma sun rubuta ta cikin littafin mota. A kan yashi ko tsakuwa, tayar da ta kulle tana tara ƙasa a gabanta ta zame mata waigi, to ABS tana hana wannan, shi ya sa tazarar tsayawa kan ƙaru. Amma amfaninta na asali shi ne kana taka birki iya ƙarfinka kuma sitiyari yana jin maganarka, domin tayar gaba in ta kulle duk yadda ka juya sitiyari mota miƙewa za ta yi. Sannan ƙafar mutum tayoyi huɗu take saki tare, ita kuwa na'urar taya ɗaya take saki ta bar ukun suna riƙe, kuma sau da yawa cikin daƙiƙa guda.
VSC kuma wani mataki ne a saman ABS, famfo ɗaya suke amfani da shi da sansar taya ɗaya, shi ya sa in ABS ta samu matsala VSC da TRAC dole su ajiye aiki, wutarsu ta kama tare. Ƙarin da ke gare ta shi ne sansa a wuyan sitiyari mai faɗin inda direba ke nufa, da wata a tsakiyar mota mai jin yadda jikin motar ke juyawa. In abin da ka nufa da abin da mota ke yi sun saɓa, misali bayan mota ya fara wutsiya a kwana, sai ta kama birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai ta rage wa inji ƙarfi. In kuma gaban ne ya ƙi shiga kwana sai ta kama tayar baya ta ciki. Babu direban da zai iya wannan da feda ɗaya, komai ƙwarewarsa.

Baba_Direban_Illela
Malam ka iya karatu. Amma dai mun rayu.

Mai_Sharon_Gwadabawa
Baba kun rayu amma da yawa ba su rayu ba, Allah shi jiƙan musulmi. Ni bari in ba ku nawa. Damanar bara da magariba ina jan Sienna ta maigidana daga Kware, an yi ruwa kwalta na sheƙi, kawai raƙumi yab ɓullo daga dama, wallahi har igiyar wuyanai nika gani tana lilo. Na fizgi sitiyari hagu na sake fizgowa dama don akwai babur na tahowa, na ji bayan mota ya tashi zai wuce gaba, sai wani ƙara tit tit tit da wata 'yar wuta mai hoton mota da layu biyu a karkace tana ƙyaftawa, na ji kamar wani ya riƙo motar daga gefe guda ya daidaita ta. Na tsaya gaba ina salati gwiwoyina na rawa. Da tsohuwar Sharon tawa ta, da yanzu wani labari aka. Saboda haka ni mai cewa a cire fis ban tare da shi.

Malamin_Kimiyya
Abin da ya same ka shi ne ainihin gwajin da ya sa abin ya bazu. A 1997 'yan jaridar mota a Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Marsandi A-Class da irin wannan kaucewar ta gaggawa, wadda suke kwatanta kauce wa wata ƙatuwar dabbar dajinsu mai ƙaho, motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayarwa ya gyara ta ya sa mata ESP, wato irin VSC ɗin nan, wanda su da Bosch suka fito da shi a 1995 a manyan motocinsu kawai. ABS ta lantarki kuwa tun 1978 take a S-Class. Yanzu ESP a Amurka tun motocin 2012 dole ne, a Turai kuma duk sabuwar mota tun Nuwamba 2014. Sunan ne kawai ke bambanta, Toyota VSC, Honda VSA, Nissan VDC, BMW DSC, Marsandi da Volkswagen da Fijo ESP.

Dan_Gidan_Igwai
Hhhh to mu namu gwajin raƙumi na. Malam a rubuta wa Bature shi zo Kware.

Uwar_Tagwaye
Slm. Ni ba na sanin waya ko sansa amma ku bar ni in faɗi abin da ya same ni ko zai yi amfani. Accord ɗina watan Afrilu lokacin zafin nan da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi, kullum da safe in na tada ta sai VSA da ABS su kama, in na kai yara makaranta na kashe na sake tadawa sai su ɗauke. An canza mani sansa guda biyu a banza. Ƙarshe wani dattijon rewaya ya ce Hajiya yaushe rabonki da batir, na ce shekara biyu da rabi, ya ɗora mita ya ce in tada, ina murza makulli lambar ta faɗi ƙasa da tara. Aka sa sabon batir aka kankare farin garin nan da ke kan tashoshin, har yau shiru. Don haka Alhaji a duba batir ma.

Rewaya_Arkilla
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma da shi ya kamata in fara. Zafin garin nan yana cin batir, kwamfutar birki kuma ba ta son ƙarancin wuta ko kaɗan. Mota a kashe lafiyayyen batir wajen 12.6 zai nuna, in inji na aiki tsakanin 13.5 da 14.5, in ya gaza haka ko ya wuce sosai a tuhumi altaneta. A Toyota lambar da take bayarwa kan wannan C1241 ce. Amma na Alhaji yana da karkarwa dab da tsayawa, batir ba ya kawo wannan.

Bakanike_Kwannawa
Ni abin da ke ba ni haushi da irin wagga hira, kullum bakanike shi na mai laihi. Kun san sau nawa muka cewa mai mota shi sawo shaf na asali shi tahi shi kwaso mai arha? Ka buɗe kwali ka ga zoben ma daban na, ka hwaɗa mashi shi ce kai dai ɗaura. Kuma famfon ABS shina mutuwa hwa, kada ku sa mutum shi ɗauka ƙarya ta. Na canza da hannuna ba guda ba ba biyu ba, musamman motar da anka shekara biyar ba a taɓa zubar da man birkinta ba, shi koma baƙi kamar shayin da anka manta kan wuta, bawul ɗin ciki su cije.

Rewaya_Arkilla
Maigida ba da kai nake ba, famfo yana mutuwa ƙwarai. Abin da na ƙi shi ne a yanke hukunci ba a sa kwamfuta ba. In famfo ne ai zai faɗi sunansa da kansa.

Injiniya_Dundaye
Tunda an zo maganar mai, mutane su sani man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a zubar a sa sabo kamar duk shekara biyu. DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in ya sha ruwa abin yana saukowa sosai, sai ka dogon taka birki feda ta tafi ƙasa kamar soso. Ku duba murfin gwangwanin an rubuta wanda motar ke sha. DOT 5 kuma na silikon ne, ba a sa shi a mota mai ABS, kada lambar ta ruɗe ku ku ce ya fi. Kuma don girman Allah masu zuba ruwan omo ko man sitiyari in birki ya tsiyaye a hanya, wannan kashe robobin masta da famfo ne gaba ɗaya.
Game da jar wuta da Oga Rewaya ya tambaya, dalilin tambayar shi ne in ruwan ɗorawa ce kaɗai, birkinka na yau da kullum yana nan, taimakon ne babu. In ja ta haɗu da ita to ko mai ya yi ƙasa ko rabon birki tsakanin gaba da baya ya tsaya, tayoyin baya na iya kullewa kafin na gaba, wannan ba motar hawa hanya ba ce.

SabonDireba22
Ni ina da ƴar na'urar nan da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya ta bulutut, in Oga na so in kawo mashi Mabera kyauta.

Injiniya_Dundaye
Niyyarka ta yi kyau amma yawancin waɗannan ƙananan inji kawai suke karantawa, lambobi masu farawa da P. Na birki da C suke farawa, sai na'urar da ke shiga ɓangaren ABS, irin su Launch ko Autel manya, ko Techstream na Toyota a laftof. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce an sa kwamfuta ba ta ga komai ba alhali wuta na kunne.

Rewaya_Arkilla
Akwai ma hanyar da muke bi tun kafin sikana ta yawaita. Soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari mai rami 16, a Toyota in ka haɗa rami na 13 da na 4 da guntun waya ka murza makulli ba ka tada ba, wutar ABS za ta riƙa ƙyaftawa tana ƙirga lamba, ƙyaftawa uku ta dakata sannan biyu, 32 ke nan. 31 gaba dama, 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu. Amma ban ce kowa ya je ya gwada ba, rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, ka kuskure rami ka ƙona abin da ya fi famfo tsada.

Dan_Mabera
Jama'a na gode ƙwarai. Yau da sahe na kai an sa mata babbar kwamfuta. Lamba guda tab bayyana, C0205, mai na'urar yac ce sansar gaba hagu ta. Na sawo ta Beljiyam an ɗaura an goge lamba, wuta ta ɗauke, na yi murna har na ba yara na shayi. Ban kai shataletalen Dandima ba karkarwa tad dawo, jim kaɗan wuta ukkun sunka sake kamawa. Yanzu bakaniken farko na ta dariya shina cewa ai ya hwaɗa mani famfo na.

Rewaya_Arkilla
Alhaji ka yi gaggawa. Lambar ba ta ce sansa ta mutu ba, cewa ta yi siginar gaba hagu ba daidai take ba. Tsakanin tayar da kwamfuta akwai zobe, akwai tazara, akwai sansa, akwai waya, akwai soket, kowanne na iya jawo lamba ɗaya. Ka koma wurin mai na'urar ka ce ya buɗe inda ake ganin gudun tayoyi huɗu kai tsaye, ya zauna gefenka ka ja motar a hankali a fili. Lambobi huɗun su tafi tare, 20 20 20 20, suna sauka tare. Ka sa ido kan ta gaba hagu lokacin da kuke saukowa ƙasa da 15, in ta yi tsalle zuwa sifili sauran na nuna 8 ko 10 to ka kama ɓarawo. Daga nan a ɗaga mota a cire taya a zare sansa, a haska tocila cikin ramin ana juya hob a hankali ana duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. A duba kan sansar ma, mayen ƙarfe ne, yana tara garin ƙarfe kamar gemu. Kuma tsohuwar sansarka kada ka yar, a ɗora mata mita, in ta nuna wajen om dubu ɗaya da ɗan wani abu mai yiwuwa lafiyarta lau.

Injiniya_Dundaye
Ƙarin bayani don masu sabbin motoci kada su ɗauki wannan awon su tafi da shi. Sansar sabbin motoci wuta ake ba ta daga kwamfuta, ba a gane lafiyarta da awon om, kuma su zoben nasu maganaɗisu ne a manne jikin robar boris. In mai buga boris ya juya shi, fuskar maganaɗisun ta kalli waje, to ABS za ta kama nan take kuma babu gyara sai an sake fitar da shi, galibi ma ya lalace garin fitarwa.

Bakanike_Kwannawa
Wanga gaskiya na, yarona ya taɓa yi mani shi a wata Golf, da aljihuna na biya boris na biyu. Tun ran nan kahin a buga sai mun kanga ɗan siririn ƙarfe mun ga gehen da ke jan shi.

Dillalin_Kwatano
Ni dai tunda anka ambaci cire ƙwai bari in tona asirin sana'a kaɗan, Allah shi yahe muna. Motoci da yawa da ka shigowa an riga an yi masu aiki a dashbod tun can. Wasu baƙin salatif aka liƙawa bayan gilashin, wasu a cire ƙwan, masu wayo kuwa sai su haɗa wayar wutar ABS da ta wutar man inji, ka murza makulli ta kama, ka tada ta ɗauke, ka rantse lahiya lau. Yadda za ka gane, murza makulli zuwa ON kada ka tada, ka ƙirga wutar da ta kama dut, ABS, VSC, cek, jakar iska, birki. A Toyota ABS ta gaskiya bayan kamar daƙiƙa ukku za ta ɗauke da kanta ko ba ka tada inji ba. In ta tsaya jiran inji to an yi mata aure da wata wutar.

Uwar_Tagwaye
Innalillahi. Malam Dillali yanzu da saninku ake sayar wa mutane haka? Mota ce fa da ake ɗaukar rai.

Dillalin_Kwatano
Hajiya ni ban yi, amma ina gani ana yi, shi ya sa nah hwaɗi.

Dan_Gidan_Igwai
Kowane dillali haka shika cewa hhhh. Na hita yanzu na gwada tawa, jakar iska ba ta kama ba sam. Shekara biyu ina yawo da ita.

Dan_Mabera
To jama'a ga yadda anka kwashe. Mun yi yadda Oga Rewaya yac ce, wajen hilin bayan unguwarmu. Tayoyi ukku na nuna 9, ta gaba hagu sai ta yi 9, 0, 9, 0. Anka cire taya anka haska, wallahi da idona na gani, zoben ya tsage wuri guda tsagewa siririya kamar gashi, kuma haƙora biyu kusa da wurin sun kwanta, alamar guduma ta sauka kansu. In ka sa sukuddireba ma zoben na motsi jikin shaf. Mun samu kan shaf na Beljiyam mai lahiyayyen zobe, mun ƙirga haƙoran sun yi daidai da na tsohon shaf ɗina da Allah ya sa ban yar ba shina but, 48. An ɗaura, karkarwa ta tahi, ABS ta ɗauke. Tsohuwar sansata ma an auna lahiyarta lau, kuɗɗin waccan sun tahi sadaka.
Amma VSC da TRAC OFF sun ƙi ɗaukewa. Kuma ga wani abu, na gwada abin da Dillali yac ce, na murza makulli ina ƙirga wuta, cek injin ba ta kama ba ko kaɗan. Ashe da na ce maku babu cek, ban san ko akwai ba.

Bakanike_Kwannawa
Saiti na ya rage. An taɓa ƙahwar gaba, in an kwance tayarod ko an yi alaimen dole a sake koya wa kwamfuta inda tsakiya take. A aje mota wuri mai daidai, sitiyari a miƙe, kowa shi hita kada a girgiza ta, a yi mata saitin sifili da na'ura. In ba a yi ba lambar C1336 ko C1210 na iya hitowa. Kuma ina roƙon ahuwa a madadin ɗan uwana mai famfo, amma shi ma wanda yab buga guduma bakanike na, to kunnen doki.

Rewaya_Arkilla
Zai iya zama saiti, amma ni zuciyata ta fi tafiya kan cek ɗin nan da ba ta kamawa. Toyota na wannan zamanin in inji ya samu lamba, ko ƙarama ce, sai ya gaya wa kwamfutar birki, ita kuma ta kashe VSC da TRAC ta ajiye C1201, domin VSC na buƙatar ikon rage wa inji ƙarfi kuma ba ta yarda da injin da ke ƙorafi. Mutane da yawa sun kashe kuɗi kan birki alhali kwayil ne ko sansar iska ta sha ƙura ko murfin tanki bai rufu ba. Alhaji da aka sa kwamfuta ran nan an shiga ɓangaren inji kuwa, ko birki kawai aka duba?

Dan_Mabera
Birki kawai, don na ce mashi inji lahiya lau. Yanzu da kac ce haka na tuna lokacin hunturun bara VSC ta taɓa kamawa kwana ukku ta ɗauke da kanta, ban kula ba. Mun koma dai da la'asar, C1201 na nan, ɓangaren inji kuma P0171. C1336 ba ta hito ba.

Injiniya_Dundaye
P0171 iska ta fi mai yawa ke nan a layin farko na injin. Da ƙurar garin nan na fi zargin sansar iska da ke bayan iyakilina, a wanke ta da maganinta na feshi kada a taɓa siririyar wayar ciki da hannu ko burushi. A duba robar iska ko ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ko an bar kilif a kwance. In duk lafiya sai a auna ƙarfin famfon mai. Kuma a buɗe dashbod a mayar da ƙwan cek.

Bakanike_Kwannawa
Ni dai ko an gyara inji a yi saitin, minti nawa na. Na ga motar da babu lamba amma cikin kwanar shataletale VSC na ta ƙara tana kama birki ita kaɗai don sitiyari ya karkace.

Dan_Mabera
Za a yi dut insha Allah, sai dai mai na'urar ya tahi ƙauye sai Asabar, ni kuma Juma'a ina da ɗaurin aure Birnin Kebbi. In tahi da ita haka?

Malamin_Kimiyya
ABS na aiki, birki na aiki, abin da babu shi ne mai riƙe ka in ta yi wutsiya. In dole ne ka tafi da rana ka rage gudu, musamman in hadari ya haɗo.

Uwar_Tagwaye
Ni da ni ce motar haya zan bi wlh, ko a ari ta maƙwabci.

Baba_Direban_Illela
Ɗana kai ni in ja ka, ko wuta goma ta kama sai mun ci shinkafar Kabi mun dawo.

Mai_Sharon_Gwadabawa
Baba hanyar Argungu ma akwai raƙuma hwa.

Dan_Gidan_Igwai
Oga Rewaya don Allah kahin a watse, wagga wutar jakar iska tawa da ba ta kamawa, ita ma rami 13 da 4 na, ko in kawo ta Arkilla gobe bayan azahar?